Tabon da tiyatar zuciya ta bar mini

An yi mini tiyatar zuciya ne don kada bugun zuciya, wato mutuwar wani yanki na tsokarta saboda rashin jini, ya same ni, sai ga shi ya same ni a cikin tiyatar. Watanni na yi ina juya wannan magana a raina, ina ganin garin gyaran gira na rasa ido. Yanzu da aka kwana biyu, na kuma yi ta tsare likitoci da tambaya har na fahimci abin da ya faru a ƙirjina, na daina kallon lamarin haka. Ina rubuta wannan ne domin wanda aka sallamo daga asibiti da irin wannan labari a takardarsa, ya koma gida yana lissafin abin da ya rage masa a duniya, alhali ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa abin da ake dubawa kafin a ce ga yadda gaba za ta kasance.

Ciwon ya faro ne da nauyin ƙirji. In na hau bene ko na ɗaga ƙafa ina sauri, sai in ji an danne mini tsakiyar ƙirji, in na tsaya ya lafa. Dama ina fama da suga da hawan jini. Da aka yi mini hoton jijiyoyin zuciya, irin wanda ake zura siririn bututu ta wuyan hannu a fesa wani ruwa mai fitowa a hoto, sai aka ga manyan jijiyoyi ukun da ke shayar da tsokar zuciya duk sun tsuke. Likita ya ce ga mai suga wanda jijiyoyinsa uku suka kamu, tiyata ta fi amfani a tsawon lokaci a kan a sa masa sitent, wato ɗan ƙarfen nan mai raga-raga da ake tokare jijiya da shi daga ciki. Ban yi gardama ba.

A wannan tiyata, wadda ake kira baifas, ba a cire abin da ya toshe jijiyar. Ratse ake yi wa jini, kamar yadda direbobi ke yanke hanya ta gefe in gada ta karye, su sake hawa titi a can gaba. Ana ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a ɗinka ta gaba da inda ya tsuke. Wani likita ɗan Ajantina, René Favaloro, shi ya kafa wannan aiki a Amurka daga 1967, da jijiyar da ake zarowa daga ƙafa. Ni ratse uku aka yi mini. Biyu da jijiyar ƙafata ta hagu, ɗaya kuma da wata jijiya da ke kwance a bayan bangon ƙirji, wadda ake sako bakinta na ƙasa a jona a babbar jijiyar gaban zuciya.

Kafin a yi wannan ɗinki tsayar da zuciyar ake yi. Ana karkatar da jini zuwa na'urar da ke yin aikin zuciya da huhu, a maƙale babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, sannan a ɗura mata wani ruwa mai sanyi mai yawan fotasiyam, ta yi lakwas. Haka za ta zauna awa guda ko fiye ba jininta na kullum, ruwan nan ne ke kare ta. Komai gwanintar likita, tsoka ba ta fita daga wannan hali ba tare da ta ɗan ji jiki ba. Yawancin mutane iyakarsa ke nan. Wasu kaɗan kuma wani yanki na tsokar ne ke mutuwa. Ko dai ratsen ya toshe da gudan jini tun a awannin farko, ko ya lanƙwashe, ko ɗinkin ya matse shi, ko wani ɓarɓashi ya ɓalle ya cushe ƙananan jijiyoyi na can ƙasa, ko kuwa ruwan kariyar bai isa wani lungu ba saboda tsananin toshewar da ke gabansa. An karanta mini wannan haɗari a takardar amincewa, a jere da shanyewar ɓarin jiki da zubar jini da matsalar ƙoda. Na sa hannu, hankalina yana kan in rabu da wahalar da nake ciki.

Ban ji komai ba. Irin wannan bugun ba ya zuwa da ciwon ƙirji ko gumi, ba abin da mutum zai tuna, domin yana cikin maganin barci. Na farka a ɗakin kulawa ta musamman da bututu a maƙogwaro, hannuwana a ɗaure a gefen gado don kada in fizge shi. Abin da na fara lura da shi wani ƙara ne mai maimaita kansa daga wajen ƙafafuna, fuf, fuf, ba tsayawa, da wata nas da ke ta dafa mini gwiwar dama tana cewa, “Baba, kada ka lanƙwasa ta, yi haƙuri.” Daga baya na san wata doguwar balan-balan ce aka zura ta jijiyar cinya zuwa babbar jijiyar jiki, tana kumbura tana saki daidai da bugawar zuciya don ta rage mata nauyi. Waɗanda aka yi wa aiki rana ɗaya da ni duk an mayar da su babban ɗaki, ni ina nan.

Matata ta ce abin da aka faɗa mata a bakin ƙofa shi ne, “Hajiya, aiki ya yi kyau, sai dai zuciyar ta ɗan yi nawar tashi, muna taimaka mata.” Ba ƙarya aka yi mata ba, amma rabin zancen ne.

An sake yi mini hoton jijiyoyi ina kwance a wurin. Ratse biyu na gudana, na ƙirji da ɗaya daga cikin na ƙafa. Na ukun, wanda aka kai wa jijiyar dama mai shayar da ƙasan zuciya, ya toshe. Jijiyar da aka ɗinka shi a kanta siririya ce, ta kuma ƙandare da kalsiyam, jinin da ke iya wucewa ta cikinta kaɗan ne, jini kuwa in bai samu gudu ba daskarewa yake yi. Likitocin suka auna tsakanin su sake buɗe ƙirji, ko su gwada sitent a jijiyata ta asali, ko su bari. Suka ga ɓarnar ta riga ta auku, haɗarin sake taɓa ni ya fi abin da za a ceto, suka bari a bi da magani.

Duk wannan daga baya na san shi. Ban ji an ambaci bugun zuciya ba sai da 'yata ta buɗe takardar sallama a gida tana neman jerin magunguna. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Baba, an rubuta a nan ka samu bugun zuciya a lokacin aikin. Sun faɗa maka?” Wataƙila wani ya faɗa ina cikin magagin magani, amma ba wanda ya faɗa mini ina cikin hayyacina. Ban taɓa riƙe likitan tiyata a zuciya ba saboda ratsen da ya toshe, na ga hoton jijiyar da idona, na san abin da ya tarar. Shirun ne ban yafe da sauƙi ba. Mutum mai hankali da aka tsaga ƙirjinsa ya cancanci a ja kujera a zauna kusa da shi a ce masa ga abin da ya faru, ga abin da muka sani, ga abin da za mu jira mu gani. Minti goma ya isa. Rashin wannan minti goman ya jawo mini makonni na rashin barci.

A takardar akwai wani adadi da ya tsaya mini a rai, na sinadarin tiroponin. Wannan sinadari a cikin tsokar zuciya yake, in ta ji rauni sai ya zubo cikin jini a auna shi. Nawa ya ninka iyakar lafiyayye sau da yawan gaske, ni kuwa na ɗauka wannan adadi shi ne hukuncina. Da na koma ganin likitan zuciya, wanda shi ke duba ni har yau, da shi na fara.

Ya ce kusan duk wanda aka yi wa wannan tiyata tiroponin ɗinsa kan hau, don an taɓa zuciya, an ɗinka ta, an tsayar da ita. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na duniya suka sabunta a 2018 ta ce kafin a kira abin bugun zuciya bayan baifas, sai sinadarin ya haura ninki 10 na iyakar lafiyayye a cikin awa 48, kuma sai an samu wata shaida ta daban: ko sabuwar alama a zanen bugawar zuciya, ko hoto ya nuna ratse ko jijiya ta toshe, ko an ga wani yanki ya daina motsi. Ko wannan ninki 10 ɗin ma likitoci ba su gama yarda da shi ba. Wani babban bincike da aka buga a 2022, a kan mutum sama da 13,000 da aka yi wa tiyatar zuciya, ya gano cewa da irin gwajin zamani mai saurin ganowa, haɗarin mutuwa a cikin kwana 30 bai fara hawa a fili ba sai da sinadarin ya ninka sama da sau 200. Likitan ya ce gaskiya ce cewa gwargwadon yawan abin da ya zubo, gwargwadon girman raunin, bai kuma ɓoye mini cewa nawa bugun gaske ne ba, tunda duk shaidun sun haɗu. Amma adadin labarin kwana biyun farko yake bayarwa. “Alhaji,” in ji shi, “abin da zai faɗa mana gobenka shi ne tsokar da ta rage da yadda take aiki. Hau gado mu duba.”

Ya kwantar da ni a ɓarin hagu, ya shafa man nan mai sanyi a ƙasan nono, ya ɗora kan na'urar eko mai nuna hoton zuciya tana bugawa, ya juyo allon yadda zan gani. Da farko toka-toka kawai nake gani tana motsi. Ya sa yatsa ya zagaye wani da'ira, ya ce wannan shi ne ɗakin hagu na ƙasa, mai tunkuɗa jini zuwa ga jiki duka. A kowace bugawa bangon gaba da na gefe suna kumburowa su matso tsakiya, su koma. Ya sauke yatsan zuwa ƙasa. Wannan bangon ba ya kumbura, jan sa kawai maƙwabtansa suke yi, ya bi su ya dawo. Na daɗe ina kallonsa. Abin mamaki, ganin sa ya fi mini sauƙi a kan rashin sani, domin na ga yana da iyaka, na ga inda ya fara da inda ya ƙare, na kuma ga sauran na aiki.

Awon da ake yi a nan shi ne kason jinin da ɗakin ke fitarwa a kowace bugawa. Lafiyayyar zuciya ba ta juye duka, takan fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Kafin tiyata nawa 55 ne. A ranar nan wajen 35 ya auna.

Ya hana ni yanke hukunci a kan wannan ma. Ya ce tsokar da ba ta motsi bayan tiyata iri biyu ce, matacciya da sumammiya, kuma a makonnin farko eko ba ya iya raba su da kyau. Matacciya ta tafi, jiki zai cike gurbinta da tabo a cikin mako 6 zuwa 8, tabo kuwa ba ya bugawa. Sumammiya tana da rai, jini ya dawo mata, amma sai ta ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta koma aiki. Wasu likitocin Amurka biyu, Eugene Braunwald da Robert Kloner, su suka raɗa wa wannan hali suna a 1982. Shi ya sa ba a gaggawar yanke shawara. Wanda kasonsa ya tsaya a 35 ko ƙasa, ana tunanin dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ba zuciya shokin in bugawarta ta rikice rikicewar da ke kisa, amma ƙa'ida ita ce a jira kwana 90 bayan tiyata, ana shan magani yadda ya kamata, a sake aunawa. Da yawa kafin lokacin sun wuce wannan layi.

Waɗannan watanni uku su ne mafi wuya a duk abin da na gani, kuma ba ciwon jiki ne ya sa ba, ko da yake akwai shi. Ƙashin ƙirji da aka tsaga da wayoyin ƙarfe aka ɗaure shi, yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, wani ma har wata uku. In tari ya zo sai in rungume matashi a ƙirji in matse. An hana ni ɗaukar kaya, an hana ni dafa hannu in tashi daga gado, an hana ni tuƙi. Ƙafar da aka zare wa jijiya takan kumbura da yamma. Gefen hagu na ƙirjina ya sage, in na taɓa kamar ba fatata ba, an ce saboda jijiyar da aka sako daga nan ne. Tun ina asibiti bugawar zuciyata ta taɓa rikicewa, ta riƙa gudu ba tsari, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 3 bayan irin wannan aiki, magani ya daidaita ta.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne tsoro. Kowane motsi a ƙirji sai in ce shi ke nan. Na daina son a bar ni ni kaɗai a ɗaki, kuma na daina son hira. Wani ƙanena ya zo dubiya ya ce, “Yaya, da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni, ka gode wa Allah.” Na gode, kuma ina godewa, amma godiya ba ta hana ni zama in ji hawaye ba dalili. Da matata ta tsegunta wa likita, bai yi mamaki ba. Ya ce damuwa bayan tiyatar zuciya aba ce da aka sani, kuma suna ɗaukarta da muhimmanci domin mai damuwa shi ke barin magani, shi ke ƙin fita tattaki. Ya haɗa ni da mai ba da shawara. Duk wanda ya ga nasa ya shiga wannan hali, ya faɗa wa likita ko da mara lafiyar bai so ba.

Magunguna kuwa a hankali aka riƙa ƙara su. Zuciyar da ta rasa wani yanki tana da halin buɗewa: ɗakin ya riƙa faɗi, bangon ya riƙa sirancewa, cikin watanni ko shekaru ta gaza, mutum ya koma haki da kumburi. Wannan shi ne babban abin da ake gudu bayan bugun zuciya, kuma ana iya taka masa birki. An ɗora ni a kan bisoprolol mai rage gudun bugawa, da ramipril mai sassauta jijiyoyi don zuciya ta tunkuɗa da sauƙi. Duk zuwa sai a auna hawan jini da ƙoda da fotasiyam, in jiki ya ɗauka a ƙara. Na yi ƙorafin jiri da kasala, na kuma ce hawan jinina ai ya sauka, me ya sa ake ƙara mini? Likita ya ce ba don hawan jini yake ba ni ba, don siffar zuciya ne. Daga baya aka ƙara mini wani na suga, dapagliflozin, wanda aka tabbatar yana taimakon zuciya mai rauni.

Sai motsa jiki ƙarƙashin kulawa. Ranar farko da aka ɗora ni a kan injin tafiya, da wayoyi a ƙirji, ina riƙe da ƙarfen gefe gam, ina jiran abin da zai faru. Mai kula da mu tana kallon allo ta ce, “Baba, saki ƙarfen, ina ganin zuciyarka, lafiya lau take tafiya.” Ta koya mini awo mai sauƙi: in ina iya magana ina tafiya to daidai ne, in magana ta gagara in rage. A wannan ɗaki na fara yarda da jikina. Ban san wani abu da ya cire mini tsoro kamar ganin bugawar zuciyata ta hau a allo, ta sauko, ba abin da ya same ni.

Da wata uku suka cika aka sake eko. Kashi 45. Gefunan yankin sun farfaɗo, tsakiyarsa tabo ne, kuma haka zai zauna. Zancen dasa na'ura ya wuce. Na tambayi likita kai tsaye, shekara nawa? Ya ce ba likitan gaskiya da zai ba ni adadi, amma ga abin da aka sani. Mafi girman haɗarin bugun da ya faru a lokacin tiyata yana tattare ne a kwanaki da makonnin farko, kuma na wuce su. Wanda ya fita da ƙarfin zuciya mai kyau, duk yankunanta kuma suna samun jini, tafiyarsa ba ta da nisa da ta wanda bai samu bugun ba. Wanda ya fita da rauni mai yawa, shi ne ke cikin haɗarin gazawar zuciya da rikicewar bugawa ko bayan shekaru. Ni ina tsakiya: ƙarfin ya ragu amma ba sosai ba, jijiya ɗaya kuma ba ta samu ratsenta ba. Na fi son wannan amsa a kan a ce mini ba komai.

Ya kuma jawo hankalina ga abin da ban yi tunani ba sam, don na tattara tsorona duka a kan tabon. Tiyata ba ta warkar da cutar da ta tsuke jijiyoyin. Tana nan tana aiki, a jijiyoyin asali da ratsen duka, kuma ratse ba ɗaya ba ne. Jijiyar ƙafa an halicce ta ne don jini mai komawa a hankali, in aka sa ta ɗaukar jini mai ƙarfi sai bangonta ya yi kauri, kitse ya taru da sauri. Kusan rabin irin waɗannan ratse sukan toshe cikin shekara 10. Ta ƙirji kuwa dama ta saba da ƙarfin jini, kusan 9 cikin 10 na nan a buɗe bayan shekara 10, kuma tun 1986 wani bincike na Floyd Loop da abokan aikinsa ya nuna waɗanda aka jona wa ita a jijiyar gaba sun fi daɗewa a raye. Tawa ta ƙirji tana buɗe, tana shayar da bangon da ya fi kowanne girma. Likita ya ce in ana lissafin abin da ke gefena, da wannan za a fara.

Don ratsen ƙafa guda da ya rage, da jijiyoyina na asali, nake shan asfirin kullum ba ranar dainawa, da sitatin mai ƙarfi, wato maganin rage kitsen jini. Ana son mugun kolestarol, wanda ake rubutawa LDL a takardar gwaji, ya sauka ƙasa da 1.8 a ma'aunin mmol/L, likitocin Turai ma tun 2019 sun ce ƙasa da 1.4 ga irinmu. Sitatin kaɗai bai kai ni can ba sai da aka ƙara wani maganin kitsen, ezetimibe. Na ga mutanen da muka yi jinya tare sun ji sauƙi sun ajiye maganin kitse, suna cewa ai an gyara. Wannan yana tayar mini da hankali ƙwarai, domin toshewar ratse ba ta sallama, kuma tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari.

Yau ina aikina, ina tuƙi, ina tattaki mafi yawan ranakun mako, ina cika minti 150 ɗin da ake so a mako har da ƙari. Hawa mai tsayi da sauri yana sa ni haki fiye da sa'o'ina, na san wannan rabon tabon ne. Kowace safiya nakan hau sikeli, domin ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, alamar zuciya na ja da baya, haka ma kumburin ƙafafu biyu ko kasa kwanciya sai da matasai da yawa. An hana ni magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, don suna riƙe ruwa, suna taɓa ƙoda, suna ƙara haɗarin wani bugun. Ina yawo da maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe, da umarnin cewa in ciwon ƙirji ya wuce minti 5 bai lafa ba asibiti zan nufa, ba jiran safiya. Akwai kuma tambayar da maza da yawa ke jin nauyin yi, ni ma sai da likita ya ɗauko ta da kansa: mu'amalar aure ba ta haramta ba, wanda ke hawa bene hawa biyu ba ciwo ba haki mai tsanani yawanci ya isa. Abin da ya gargaɗe ni a kai da kakkausar murya shi ne haɗa maganin ƙarfin maza irin sildenafil da na ƙarƙashin harshe, domin hawan jini na iya faɗuwa warwas.

Jijiyar dama da ta rasa ratsenta ita ce maganar da muka fi daɗewa muna yi. Na so a buɗe ta, don zama da jijiya a toshe bai kwanta mini ba. Likita ya ce buɗewa na da amfani ne in akwai tsoka mai rai a bayanta da ke ƙishin jini. Aka yi mini gwajin da ake sa zuciya aiki ana ɗaukar hotonta. Ya nuna mafi yawan yankin tabo ne, ɗan abin da ke da rai a gefe kuma yana samun jini ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka buɗe daga ɓangaren hagu suka ƙetaro, abin da zuciya kan yi wa kanta in toshewa ta daɗe. Buɗe tsohuwar jijiya mai tauri aiki ne mai haɗarinsa, ribar kuma kaɗan ce, sai muka bar ta. Yarjejeniyarmu ita ce in haki ya ƙaru ko wani sabon ciwo ya ɓullo, za a sake hoton jijiyoyi a sake shawara. In ba haka ba, eko a kan lokacinsa, a auna faɗin ɗakin hagu da kason da yake fitarwa. Awon baya-bayan nan ya nuna ɗakin bai ƙara faɗi ba, kason kuma yana nan tsakanin 45 da 48.